Fodkas: Sauti, Haske da Abin da Suke Ratsawa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci daga birnin Dabo. Ina tare da Malam Bala da Auwalu. Malam, duk wanda ya kalli hawan Daushe daga nesa ya san sai ya ga hayaƙin 'yan bindiga ya tashi, sannan ƙarar ta iso kunnensa.

Malam Bala: Ƙwarai, Malama Hadiza. Sauti yana cin kamar mita 343 a sakan ɗaya cikin iska, haske kuwa kusan kilomita 300,000. Shi ya sa da damina, in kin ga walƙiya kika ƙirga sakan 3 kafin tsawa, to nisan ya kai kilomita ɗaya.

Auwalu: Malam, ga abin da ɗalibai suke haddacewa. A ruwa sauti yana cin kusan mita 1,480, a sandar ƙarfe kamar 5,000. Sai su ce ke nan duk abin da ya fi nauyi da cunkushewa, sauti ya fi gudu a cikinsa.

Malam Bala: Wannan haddar tana damuna matuƙa, Auwalu. Lambobin daidai ne, dalilin ne ba shi ba. Nauyi shi kansa jan ƙafar sauti yake yi. Abin da ke ba shi gudu tauri ne, wato yadda abu yake ƙin matsuwa, yake saurin komawa yadda yake in an danna shi. Ɗauki dalma. Ta fi ƙarfe nauyi, amma da farce za ka iya yi mata zane saboda laushi. Sauti a sandar dalma bai wuce mita 1,200 da ɗan wani abu ba.

Hadiza: To alminiyam ɗin da ake ƙera tukwane da shi fa?

Malam Bala: Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, taurinsa ma haka, sai gudun ya zo kusan ɗaya. Ruwa kuma ya ninka iska nauyi wajen sau 800, amma wajen ƙin matsuwa ya ninka ta fiye da sau 10,000. Tauri ya rinjayi nauyi, shi ke nan.

Auwalu: Zafin garin nan yana da tasiri?

Malam Bala: Yana da shi. Da tsakar rana a watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, sauti yana kaiwa mita 355. Da asubar hunturu yakan sauko ƙasa da 340.

Hadiza: Mu dawo kan haske, Malam. Shi kamar akasin haka yake.

Malam Bala: Haske ba ya buƙatar abin da zai ɗauke shi. Yana ratso sararin samaniya daga rana inda babu iska, inda sauti ba zai motsa ba sam. A can ne gudunsa ya cika. Da ya shiga ruwa sai gudun ya sauko zuwa kilomita 225,000 a sakan ɗaya, a gilashi kamar 200,000, a daimon 124,000. Yana girgiza ilektoron ɗin da ke cikin abin, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, su ma su fitar da nasu kaɗawar, haɗuwar biyun ce take jinkirta tafiyar. Canjin gudun ne ke lanƙwasa shi a bakin ruwa, har ki ga cokali a kofi kamar ya karye. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa a Bagadaza wajen shekarar 984.

Auwalu: To a nan dai nauyin ne ke rage gudun?

Malam Bala: Sau da yawa suna tafiya tare, amma ba dole ba. Zuba man gyaɗa a ruwa, zai taso sama domin ruwa ya fi shi nauyi. Duk da haka haske ya fi jinkiri a cikin man, kilomita 204,000 ko kusa da haka. Tsarin ilektoron ɗin ne abin dubawa, ba abin da sikeli ya nuna ba.