Wa Za Ka Riƙe, Wa Za Ka Tura Gaba?

Lacca ce da wani likitan yara ya gabatar wa ma'aikatan lafiya na matakin farko a Gusau. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Malam shugaban zama, iyayenmu ungozomomi, 'yan'uwa da kuka taso daga Anka, Maru, Tsafe, Shinkafi da Ƙauran Namoda, sannunku da hanya.

Yawancin masu zuwa asibitocinku kun iya da su: zazzaɓi, gudawa, tari, awon ciki, rigakafi. Inda gizo ke saƙar shi ne tsamo mutum ɗaya daga cikin layin nan wanda idan aka bar shi ba zai ga gobe ba. Ba a kan kujera ake gane shi ba. Da safe, kafin ka fara yankar kati, bi layin da ƙafarka, ka ce kowace uwa ta sauke goyo. Yaron da ke tsala ihu yana ture hannunka bai cika tayar mini da hankali ba. Wanda ya yi laƙwas, uwar na cewa "barci yakai", shi za ka fara taɓawa. Idan ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi taune-taune, ko ka tashe shi ya ƙi tashi, layi ya ƙare a kansa.

Ku ƙirga numfashi minti ɗaya cur, da agogo, yaro na kwance ba ya kuka. Jariri ƙasa da wata 2, 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40. Ku ɗaga riga ku ga ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa. Ku buɗe tafin hannu ku ga ko ya yi fari fat, alamar ƙarancin jini. Ku zagaya tef a dantse, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Ku danna bayan ƙafa biyu ku ga ko yatsa ya bar rami. Duk wannan ba ya cin minti biyar, ba ya kuma buƙatar wutar lantarki.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan gwajin maleriya. A damina, yaro a ƙauyukanmu zai iya nuna layi biyu a RDT, ɗan katin gwajin maleriya na nan take, wato yana da ita, alhali abin da ke neman ransa daban ne. Mu a Zamfara mun ga wannan da idonmu. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Amai, taune-taune, suma. Aka yi ta ba su maganin maleriya da na sanƙarau, shiru. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tura jini aka auna, aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu. Ba na'ura ce ta fara ganowa ba, lura ce: magani ba ya ci, kuma yaran daga wuri ɗaya suke fitowa. To idan ka ba da maganin da ya dace, kwana biyu yaro bai motsa ba, kada ka sake rubuta shi. Koma farko. Tambayi sana'ar gidan, tambayi ko wani yaron ya yi irin wannan a unguwar. Lanƙwasa wuyansa, domin sanƙarau na 2017 ma daga jihar nan ya taso. Yara uku daga ƙauye ɗaya da alama iri ɗaya, wannan kiran jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ne, ranar nan.

Idan ka yanke shawarar turawa, kada ka sallami mutum hannu rabbana. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: a kawo yaro bayan tafiyar awa uku a kan babur, ba a yi masa komai ba sai "ku kai shi Gusau". Mai maleriya mai tsanani a yi masa allurar farko ta atesunet, maganin maleriya mai tsanani, ko a saka masa na dubura idan bai kai shekara 6 ba. Mai numfashi da ƙyar ko sanƙarewar wuya a yi masa allurar farko ta maganin ƙwayoyin cuta yadda littafin ƙa'idojin aikinku, Standing Orders, ya tsara. A ba shi nono ko ruwan sukari don kada sukarin jininsa ya faɗi a hanya, idan ba ya haɗiya a shafa masa a ƙarƙashin harshe. Jariri a manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata.

Iyayenmu ungozomomi, ku ne ke da mai ciki. Awon jini ya kai 160 bisa 110, ko tana ciwon kai da ganin dishi-dishi, ko ta fara jijjiga: allurar magniziyam salfet mai hana jijjiga tukuna, mota daga baya. Mai zubar da jini bayan haihuwa, allurar oksitosin mai tsuke mahaifa, murza mahaifa, ƙarin ruwa da babbar allura, kuma 'yan'uwan da za su iya ba da jini su shiga motar tare da ita. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ci gaba, kada a jira ta kwana ta biyu, can ne yoyon fitsari ke farawa.

Akwai abin da littafi bai faɗa ba, amma kowa a zauren nan ya san shi. Hanyoyinmu da yawa ba sa biyuwa bayan La'asar saboda rashin tsaro. Saboda haka majiyyacin da kake kokwanto a kansa da ƙarfe biyu na rana, kada ka ce bari mu ga dare. Daren nan ba direban da zai fito maka. Yanke hukunci da sauran rana. Ka kuma riƙe lambar direbobin ƙungiya na tashar garinku tun kafin buƙata ta taso.

Takarda kuma a rubuta ta yadda za ta karantu: me ka gani, me ka auna, me ka bayar, nawa, ƙarfe nawa. Idan ba lokacin allurar magniziyam a jiki, wanda ya karɓe ta bai san yaushe zai yi ta gaba ba. Ka kira waya kafin su tashi. Mai buƙatar tiyatar haihuwa ko ƙarin jini, babban asibiti mafi kusa da ke da likita da jini a ranar, ba sai FMC, asibitin gwamnatin tarayya na nan Gusau, ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura ba. Raunin kai mai tsanani na iya kaiwa har asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yaro mai tamowa da dasashinsa ke ruɓewa, baki na wari, kumatu ya kumbura, a fara magani a nufi asibitin cutar noma, mai cin baki da fuska, na Sakkwato kafin kumatun ya huje.

Ba kuma kowa ake turawa ba. Mai tamowa da ke cin gyaɗarsa ta asibiti, wato abincin leda na masu tamowa, da marmari, ba zazzaɓi mai tsanani, naka ne. Dattijo mai hawan jini da ya daidaita a kan magani, naka ne. Tura irin waɗannan cinye musu kuɗin mota ne kawai, gobe idan ka ce su tafi da gaske ba za su yarda ba.

Wata ungozoma ta yi tambaya: idan maigida ya ce ba shi da hali, ko ba ya gari, uwar kuma ta ce ba ta tafiya sai da izininsa?

Hajiya, wannan kullum ne. Kada ki tsaya faɗa da uwar, ba ita ke da wuƙa da nama ba. Kira maigidan a waya ki yi masa magana da kanki, ba da sunan cuta ba: "Malam, yaron ga jini yake buƙata, nan ba mu da shi, idan ya kwana ina jin tsoro." Idan ba a same shi ba, a nemo wansa ko mahaifinsa, ko mai unguwa ya sa baki. Kuɗin mai kuma a tuntuɓi kwamitin unguwa da ke kula da asibitin. Idan duk an yi sun ƙi, kada ki kore su. Ki ci gaba da abin da kike da shi, atesunet bayan awa 12, sannan a awa 24, ki rubuta a rajista cewa an ba da shawara an ƙi, ki sake maganar da asuba. An kira sallah, sauran tambayoyin sai mun dawo.