Sharhi: Gano Galahanga Tun Daga Layin Rigakafi

Jama'a masu sauraro, a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kusan yaro 1 cikin 100 yana da lalurar galahanga, wato matsalar bunƙasar ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da cuɗanya da mutane. A gidajenmu, idan yaro ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya nuna abin da yake so da yatsa, sai kakanni su ce nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. Idan abin ya daɗe, a ce shafar aljanu ce, a shiga hayaƙi da rubutu, har shekarun da taimako ya fi tasiri su wuce.

Babu gwajin jini da ke gano wannan lalura. Likita yana sauraron tarihin yaron daga bakin uwa, ya zauna ya lura da yadda yake wasa da yadda yake haɗa ido da mutane, kuma wajibi ne a fara auna jinsa, domin a yankin da sanƙarau da shawarar jarirai suke barin yara da kurumta, sau da yawa rashin ji ne ya hana maganar. Haka nan babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Abin da ke aiki shi ne horon magana da koya wa iyaye dabarun mu'amala da yaron a gida, magani kuwa sai ga abin da ya biyo, kamar farfaɗiya ko rashin barci.

A ganinmu, jiran iyaye su kai kansu asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware ko Maiduguri kuskure ne, saboda nisa da kuma tsangwamar da ke tattare da sunan wurin. Uwa tana kawo ɗanta allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15, kuma a nan ya kamata ma'aikaciyar lafiya, bayan ta ɗora shi a sikeli, ta tambaya ko yana amsa sunansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sanya wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko a kan waɗannan tambayoyi yana wuyan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi.