Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Tsibirin Sawakin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A madadin dattawa, malamai, mata da matasan Hausawa mazauna Sawakin da Fot Sudan, tare da maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Beja masu ƙasa da suka fito taya mu tarbarka, muna yi maka barka da sauka, kai da hakimai da sauran 'yan rakiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023, mun fi saba ganin masu ficewa ta wannan gaɓa ta Bahar Maliya. Kai kuwa ka taso takanas daga gida ka zo duba mu. Zumunta a ƙafa take, mun gode.

Ranka ya daɗe, tsibirin nan ƙarami ne, cikin rabin sa'a mutum zai kewaye shi da ƙafa, amma ya ga zamani iri-iri. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka nan a ƙarni na 14. Turkawa sun karɓe shi a 1517, ya koma hannun Masar a 1865. Hanyar da ka bi ka shigo, wadda aka cike ruwa aka shimfiɗa, an yi ta a 1877 zamanin Gordon, Baturen Ingila da ya yi gwamnan Sudan. A can tudu akwai Ƙofar Kitchener, mai sunan wani hafsan sojan Ingila, daga shekarun da Usman Digna, jarumin Mahadi, ya hana Turawa sakat a waɗannan duwatsu.

In mun shiga, ina roƙonka ka dafa bango ɗaya da hannunka. Ba tubali ba ne, dutsen murjani ne da aka sassaro daga teku, za ka ji shi kaushi-kaushi da ƙananan ramuka. Da shi aka ɗaga benaye hawa biyu da uku, aka yi musu tagogin katako masu turowa waje, waɗanda ake kira rawashin, inda matan gida ke zama su sha iska su ga titi ba a gan su ba. Sai dai ginin murjani yana son kulawa, sai ana yaɓe shi da farar ƙasa a kai a kai. Da Turawa suka buɗe tashar Fot Sudan a 1909, saboda mashigin nan ya yi wa manyan jirage ƙunci, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can. Iskar gishiri ta shiga cin bango, benaye suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar TIKA, mai ayyukan tallafi ta gwamnatin Turkiyya, ta gyara Masallacin Hanafi da na Shafi'i da ginin kwastan, Allah ya saka musu. Mafi yawan sauran kufai ne.

Mu dai ba kufan wasu muke nuna maka ba. A nan kakanninmu suka fara ganin teku. Daga Kano, Katsina, Sakkwato da Damagaram suke tasowa a ƙafa da jakuna, su ratsa Borno da Wadai da Darfur. Wani guzurinsa ya ƙare a hanya, ya tsaya tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan shekaru kafin ya haɗa kuɗin jirgi. Wata ta baro gida da goyo, ba ta iso bakin ruwan nan ba sai da ɗan ya isa ɗaukar mata kaya. Bayan yaƙin Burmi a 1903 ma, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi hijira gabas tare da ɗansa Mai Wurno sun ƙara yawan mutanenmu a Sudan. A Sawakin ake killace maniyyata a duba lafiyarsu, sannan su shiga jirgi zuwa Jidda. Wasu sun haye, wasu sun dawo sun zauna, wasu kuma ajali ya riske su suna hangen ruwa. Mu jikokinsu ne, shi ya sa ka ji Hausa a bakin yaran da suka tare ka.

Har gobe jirage na tashi daga tashar Usman Digna zuwa Jidda da fasinja da tumaki, garin bai mutu ba. Abin da ke damunmu shi ne tsofaffin da suka ji labarin wannan tafiya daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa, kuma kaɗan ne aka rubuta. Bango in ya faɗi ana iya tayar da shi, ga masallatan nan shaida. Tsoho kuwa in ya tafi, ya tafi da sunayen zangon da aka yada da na madugan da suka ja ayari.

Don haka roƙonmu ɗaya ne, Mai Martaba. Ka sa baki jami'o'inmu na gida su turo masana tarihi su zauna da dattawan nan, su naɗi muryoyinsu, a rubuta da Hausa da Larabci. Masauki da tafinta na wuyanmu.

Allah ya zaunar da Sudan da Najeriya lafiya, ya mayar da kai fada cikin aminci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.