Tankin da Ke Kumfa a Matatar Ruwan Datti: Me Ake Yi a Cikinsa?

Jama'a, ku dubi wannan tanki da kyau. Ruwa ne mai launin ƙasa, sai tafarfasa yake yana kumfa. Mutane da yawa da suka ga irin wannan hoto suna cewa matatar ta lalace, wasu kuma su ce magani ake zubawa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Kafin mu zo kansa, bari mu bi ruwan da sauri.

[Hoto: bututun da ke shigowa daga gari]

Duk abin da ya fito daga banɗaki da wurin wanki, nan yake zuwa. Da farko akwai ƙarafa a jere da ke tare leda da tsumma. Daga nan sai wurin da yashi yake kwantawa. A wani babban tanki kuma ruwan yana tsayawa na 'yan awoyi, mai nauyi ya nutse, maiƙo ya taso a yaɗe shi. Shi ke nan.

To, dattin da ya narke a cikin ruwan fa? Babu rariyar da za ta kama shi, kuma shi ne ke kashe kogi.

Ga yadda abin yake. A cikin kogi akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cin datti, kuma suna cinsa ne da iskar oksijin, wadda ita ce kifi ke shaƙa. Lita ɗaya ta ruwan kogi ba ta riƙe fiye da kamar miligiram 9 na oksijin idan zafin ruwan ya kai digiri 20. Amma lita ɗaya ta ruwan datti na gida tana iya buƙatar miligiram 200 ko fiye kafin dattinta ya ruɓe. Ku auna tazarar. Idan aka saki wannan ruwa a ƙaramin kogi, musamman da rani da ruwa ya ja baya, ƙwayoyin za su shanye iskar kakaf, da safe a tarar da kifi ya taso ciki sama.

[Hoto: tankin kumfa, daga kusa]

Shi ya sa aka gina wannan tanki. An tara ƙwayoyin nan masu cin datti a wuri ɗaya, ana hura musu iska daga ƙasan tanki dare da rana, domin su cinye dattin a nan kafin ya kai kogi. Kumfar da kuke gani iska ce zalla. Launin ƙasan kuwa su ne ƙwayoyin da kansu, sun dunƙule gutsi-gutsi. Ma'aikata ne da ba sa neman albashi, iska kawai suke so! Masana kimiyyar sinadarai biyu, Ardern da Lockett, su suka bayyana wannan dabara a Manchester ta Ingila a 1914, kuma har yau da ita ake aiki.

Ku lura da wannan kwalba da wani ma'aikacin matatar ya ɗebo daga tankin kumfa. Ya ajiye ta rabin awa. Laka ta kwanta ƙasa, ruwa garau ya tsaya a sama. Haka tanki na gaba yake yi. Wani ɓangare na lakar, wato ƙwayoyin nan, ana mayar da shi tankin kumfa, kamar yadda manomi ke ajiye iri.

Saboda haka masu cewa a zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, tun farko a huta, ku yi haƙuri, wannan shawara ba ta yi ba. Kulorin a wannan tanki zai kashe ƙwayoyin ne, datti kuma yana nan daram. Wurinsa can ƙarshe, bayan ruwa ya tace. Haka baƙin man inji da maganin ƙwari da ake zubarwa a magudana, suna iya nakasa tankin, a ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya farfaɗo.

Ni a ganina, ƙaramin garin da ke da fili amma wutar lantarkinsa ba ta tsayawa, gara ya haƙa tafkunan tacewa a jere. A can gansakuka ce ke samar da oksijin da hasken rana, ba a buƙatar injin hura iska. Sai dai ruwan yakan yi makonni a ciki maimakon awoyi, kuma dole a riƙa kwashe lakar da ta taru a ƙasa bayan 'yan shekaru.