Abin da ke koyo a ƙeyarka ba da saninka ba

Jama'a, assalamu alaikum. Kowa ya ɗora hannu a ƙeyarsa, daidai inda kai ya haɗu da wuya. A bayan wannan ƙashin akwai wani sashe da likitoci ke kira sarebelam, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi 10 ne cikin 100 na dukan ƙwaƙwalwa, amma cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke kan ɗan Adam, wajen biliyan 69 a nan suke cunkushe.

To me suke yi? Ku leƙa wani gida a Argungu bayan girbin shinkafa, ku ga mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude. Wannan taɓarya na fita, waccan na shiga, har da cilla ta sama a tafa hannu a cafe, ga hira ana yi. Yarinyar da ta fara koyo kuwa, ko ta daki bakin turmi, ko ta yi karo da taɓaryar yayarta, shinkafa ta fantsama. Inna za ta yi faɗa, amma karon nan shi ke gyara hannun.

Ga yadda abin yake. A cikin sarebelam akwai wasu manyan ƙwayoyi masu rassa birjik, ana kiransu da sunan Purkinje, masanin da ya bayyana su a 1837. Kowace ɗaya na karɓar saƙo daga siraran jijiyoyi fiye da 100,000, masu kawo labarin inda hannu yake, da nauyin taɓarya, da ƙarar da kunne ya ji. Sai kuma wata jijiya ɗaya tal da ke tasowa daga tushen ƙwaƙwalwa, ta nannaɗe ta kamar yadda wake ke hawa karan dawa. Ita ce mai kai ƙara idan an yi kuskure. Da ta buga, hanyoyin da ke aiki a daidai lokacin sai ƙarfinsu ya ragu, gobe hannu ya ɗan canja. David Marr a 1969 ya yi hasashen a takarda cewa ta waɗannan hanyoyi sarebelam ke koyo, James Albus a 1971 ya ce raguwa ƙarfinsu ke yi, sai a 1982 Masao Ito na Japan ya nuna raguwar ƙarfin a ɗakin gwaji.

Kun dai san karnukan Ivan Pavlov na Rasha, masu zubar da yawu da jin alamar abinci. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na zomo, wanda Richard Thompson da abokan aikinsa suka yi a Amurka a shekarun 1980. Za a kunna wa zomo ƙara, kafin daƙiƙa ta cika a hura masa iska a ido. Da farko sai iskar ta taɓa shi yake ƙiftawa. Bayan an maimaita da yawa, ƙarar kaɗai ta isa. Ku lura da wannan: ba ya rufe idon da jin ƙarar nan take, yana jira sai gab da isowar iskar. A canja tazarar, shi ma ya koyi sabon lokaci. Da suka lalata wani ɗan wuri can cikin sarebelam a ɓangaren idon da aka koyar, ƙiftawar da ya koya ta ɓace, amma a hura masa iska yana ƙiftawa sarai. Idon ɗaya ɓangaren kuma yana iya koyo abinsa.

Kada dai a ɗauka duk sabo a nan ake ajiye shi. Koyon tsoro, misali, galibi aikin wani sashe ne daban.

An gwada mutane ma. A sa wa mutum tabarau mai karkatar da gani gefe, a ce ya yi jifa. Zai yi ta kuskure, sannu a hankali ya daidaita. A cire tabarau ɗin, sai jifan farko ya kauce ɗaya ɓangaren, alhali ya san an cire. Da yawa daga masu ciwo a sarebelam kuwa, ƙarfin hannunsu na nan, suna ganin inda jifan ya faɗa, amma haka za su ci gaba da kaucewa gefe guda har a gama gwajin.