Shagon Firam: Inda Lokaci da Katako Suke Zurarewa

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Yau muna tare da Malam Garba da Hajiya Luba, za mu tattauna kan ƙaramin shagon haɗa firam ɗin hoto. Malam, mai shago yana wuni a tsaye, amma da magariba firam biyar kacal ya gama. Ina matsalar take?

Malam Garba: Matsalar ita ce yin aiki ɗaya-ɗaya. A yanka sanda, a sa gam, a tsaya jira, a koma kan gilashi, sannan a ɗauko aiki na gaba a sake saita zarto. Wannan sake saitin shi ke cinye wuni. A tara aikin kwana biyu ko uku, idan an kawo wuta a yanka sanduna gaba ɗaya. Haɗawa da yankan gilashi ba sa bukatar wuta, sai a bar su zuwa lokacin da aka ɗauke.

Hajiya Luba: Kuma tarawar tana rage asarar sanda, Malam. A ɗauki hoto mai inci 12 da 16, faɗin sanda inci 2. Kewayen hoton inci 56 ne, a ƙara faɗin sanda sau takwas saboda kusurwoyi, wato 16, ya zama 72. Sandar da ake kawowa takan kai kusan mita 2.9, wajen inci 114. In firam ɗaya ka yanka, inci 42 ya rage a jingine a bango yana shan ƙura. Amma in guda uku ne a gabanka, kowace sanda ka fitar da dogayen gefe uku masu inci 20 da gajeru uku masu inci 16 (kowane gefe an ƙara masa inci 4 na kusurwoyi), inci 108 ke nan. Sanda biyu ta ba ka firam uku.

Nasiru: Ikon Allah! Ashe sanda guda ake zubarwa. To Hajiya, ai sai girman ya zo ɗaya.

Hajiya Luba: Shi ya sa ake tsayawa kan girma kaɗan: 8 da 10, 12 da 16, 16 da 20, sai A4 na takardun shaida. Yawancin abin da ake kawowa nan, hoton biki ne, ko na ofis, ko Ayatul Kursiyyu, ko takardar kammala karatu daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk suna shiga waɗannan. A yanka gilashi da allon baya na waɗannan girman a ajiye. Wanda ya zo da wani girma daban, kuɗinsa daban.

Nasiru: Malam, kusurwar da ke buɗe baki fa? Ita ce ke dawo da aiki baya.

Malam Garba: Abu biyu ne. Na farko, zarto bai tsaya kan digiri 45 daidai ba. Yanka takwas ne a firam guda, don haka kuskuren rabin digiri a kowane yanka ya taru ya zama digiri huɗu, kuma a kusurwar ƙarshe zai fito. Kowace safiya a gwada da guntayen sanda kafin a taɓa kayan mutane. Na biyu, gefe biyu masu kallon juna ba su zo tsawo ɗaya ba. Kada a riƙa auna kowane gefe da tef. A ɗaure ɗan katako a jikin teburin zarto ya zama matsaya, duk sandar da aka tura ta tsaya nan. Bayan an haɗa, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ya miƙe.

Hajiya Luba: A ƙara da maganar gam. Da hunturu bakin katako a bushe yake, yana zuƙe gam nan take, sai haɗin ya zama ba ƙarfi. A shafa kaɗan a bari ya shiga, sannan a sake shafawa a haɗa, a buga ƙusa. Sandunan roba kuwa da ke zuwa daga Sin, farin gam na kafinta ba ya kama su da kyau, suna da nasu gam.

Nasiru: Gilashi fa?

Malam Garba: Mai kaurin milimita 2 ya isa har 16 da 20, abin da ya wuce haka a sa mai 3. A fara fitar da manya daga faifan, ƙanana su fito daga ragowa. A ɗiga kananzir a bakin mayanki, a ja layi sau ɗaya tak, a karya nan da nan. Maimaita layi shi ke kashe mayanki, gilashin kuma ya tsage ta wani wuri. Sannan a rage masa milimita 2 zuwa 3 daga ramin firam inda gilashin ke zama, domin katako yana motsi tsakanin rani da damina, in an matse gilashi sai ya fashe.

Hajiya Luba: Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙura. A rufe firam tsaf, a juyo, a ga ɗigon ƙura a goshin amarya, sai an sake buɗewa. Teburin rufewa ya yi nesa da zarto, ko da labule ne a raba su. A goge gilashi da ƙyalle mai ɗan laima, a ɗora shi kan hoto nan take, a duba a haske kafin a buga ƙusar baya. Sai a bi gefen bayan da tef na takarda, don kada ƙurar hunturu ta sami hanya.

Nasiru: Akwai kuma firam ɗin da aka gama, masu su ba su dawo ba.

Malam Garba: Kafin alƙalami ke maganin wannan, rabin kuɗi kafin a taɓa zarto. A rubuta takarda mai lamba: girma, irin sanda, a tsaye ko a kwance za a rataye, ranar karɓa. Ɗaya ga mai hoto, ɗaya a maƙala a jikin ambulan ɗin hoton ta bi shi har teburin rufewa.

Nasiru: Madalla. Malam Garba, Hajiya Luba, mun gode. A shiri na gaba za mu ɗauko yadda ake yanke farashi. Sai an jima.