Yadda Ruwan Sama Ya Koya wa Mutanen Ayalan Gini

A yammacin Ayalan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000, a kan duwatsu ma ya wuce 2,000. Ga iskar Tekun Atlantika tana tunkuɗo shi a karkace, ya bugi bango kai tsaye. Duk maginin da ya tashi a irin wannan ƙasa, kafin ya tambayi kansa yaya gidan zai yi kyau, sai ya fara tambayar ta ina ruwa zai bi.

Ku dubi tudun Newgrange, kabari ne a bakin Kogin Boyne, an gina shi wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza ta Masar. Rufin ɗakin ciki falalen duwatsu ne, kowanne ya ɗan zarce na ƙasansa har suka haɗe a sama. Lokacin da Farfesa Michael O'Kelly ya tona wurin, tsakanin 1962 da 1975, sai ya tarar an sassaƙa 'yan magudanai a bayan duwatsun rufin hanyar shiga, inda ido ba ya gani, don su janye ruwa gefe. An kuma toshe tsagogin da ƙonanniyar ƙasa da yashin teku. Mutanen da ba su san ƙarfe ba fa! Har yau ɗakin nan ba ya yoyo.

Dabarar ba ta mutu ba. Ga ƙaramin ɗakin ibada na Gallarus a yankin Dingle, mai siffar kifaffen kwalekwale. Ku matso kusa da bangon: kowane dutse an kwantar da shi da ɗan gangare zuwa waje, ɗigon da ya sauka a kai sai ya zame ya bar gini. A tsibirin Skellig Michael kuwa, inda masu zuhudun Kirista suka zauna a kan tsauni a tsakiyar teku, babu ƙorama, sai suka yi ramukan tara ruwan sama don sha.

Wani wurin ma a kan ruwan aka zauna. Birnin Cork fadama ce tsakanin rassan Kogin Lee. Babban titinsa, St Patrick's Street, lanƙwasarsa ta kogin ce, don rafi ne aka rufe a shekarun 1780. A 2009 kogin ya yi ambaliya, ya shiga tsakiyar gari.

Abin da ya fi ci wa masu kula da tsofaffin gine-gine tuwo a ƙwarya yanzu shi ne siminti. Da can da farar ƙasa ake yaɓe bango. Takan sha danshi, in iska ta kaɗa ta sake shi. A ƙarni na 20 aka yi ta shafe tsofaffin gidaje da siminti, wai gyara. Da ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, bango ya jiƙe, katako ya ruɓe. Duk wanda ya ga an shafe ginin ƙasa da siminti a Kano ko Zariya, bayan 'yan damuna ya ɓamɓare da ƙasar a jikinsa, ya san zancen. Shi ya sa a yau aikin gyaran tsohon gida a Ayalan yakan fara ne da guduma da kurfi, a kankare simintin, a bar bango ya bushe, wani lokaci watanni, sannan a maido da farar ƙasa.